Ido Na Ganin Mace, Kunne Na Jin Namiji: Gwanintar Wasan Hedwig

A bakin kogin Hudson, can yammacin birnin Niyok, akwai wani tsohon otal da aka gina domin matuƙan jiragen ruwa. Nan aka sauke wasu daga cikin ma'aikatan jirgin Titanic da suka tsira a 1912. Kafin shekarun 1990 otal ɗin, wanda ake kira Riverview a lokacin, ya tsufa ya sukurkuce, sai masu ƙaramin ƙarfi ke kama ɗaki a cikinsa. A zauren rawarsa, da aka gyara aka sa wa suna Jane Street Theatre, aka buɗe wani wasan kwaikwayo na waƙa ranar 14 ga Fabrairu, 1998. Sunan wasan Hedwig and the Angry Inch. John Cameron Mitchell ne ya rubuta labarin, shi ne kuma ya fito a matsayin Hedwig. Stephen Trask ya tsara waƙoƙi da kiɗa. Sai da aka shafe fiye da shekara biyu ana nuna shi a wannan zaure, har sau 857.

Wanda ya sayi tikiti ya shiga ba zai tarar da ɗakunan katako da aka saba kafawa a dandamalin wasan kwaikwayo ba. Makaɗa huɗu zai gani da jita da ganguna da lasifikoki, wayoyin lantarki a warwatse a ƙasa. Can sai ga wata mata ta keto, kanta ɗauke da tulin gashi mai ruwan zinare, fuska ta sha hoda da jambaki da ƙyalƙyali, ƙafa cikin takalmi mai tsini. Ta cafki makirufo, ta buɗe baki, sai muryar namiji ta cika zauren, ba tare da an yi ƙoƙarin siranta ta ba. A gefenta kuma ga wani ɗan gajeren mutum da tsiron gemu da rigar fata, kansa a sunkuye, yana yi mata amshi. Shi kuwa da ya ɗaga murya, sai ka ji ta mace ce, tas, mai hawa sama.

Duk gwanintar wannan wasa daga nan ta taso. Ido yana kawo labari ɗaya, kunne yana kawo wani, kuma ba a yarda ɗaya ya rinjayi ɗaya ba har kusan awa ɗaya da rabi, babu hutun rabin lokaci. Ban san wani wasan waƙa da ya ɗora wa ɗan wasa guda nauyi irin wannan ba, ban kuma san wanda ya fi shi sanin abin da zai yi da jikin mutum da maƙogwaronsa ba.

Labarin da Hedwig ke ba 'yan kallo tsakanin waƙa da waƙa ba mai daɗi ba ne. An haife ta namiji, mai suna Hansel, a Balin ta Gabas, aka kuma raba birnin da katanga a 1961. Gidan uwarsa ƙanƙane ne, har yaron kan cusa kansa cikin tanderun kicin da 'yar rediyonsa yana sauraren tashar sojojin Amurka, inda ya san David Bowie da Lou Reed da Iggy Pop. Da ya girma sai wani sajan sojan Amurka mai suna Luther ya nuna yana son sa, ya ce zai aure shi ya fitar da shi daga ƙasar. Amma aure sai mace da namiji, kuma sai likita ya duba. Uwar ta ba shi sunanta da fasfonta, ta samo likitan da zai yi tiyata. Tiyata ta ɓaci. Abin da ya rage a jikin ɗan tsoka ne da bai wuce inci ɗaya ba, ba na maza ba, ba na mata ba, shi ne kuma ya zama sunan ƙungiyar makaɗanta, Angry Inch. Luther ya kai ta Junction City a jihar Kansas, bayan shekara guda ya tsallake ya bar ta a gidan tirela. Ranar da ya tafi ta ga a talabijin ana rushe katangar Balin, 9 ga Nuwamba, 1989. Da ta yi haƙurin shekara ɗaya, da ta fita da ƙafarta babu abin da aka yanke mata. Daga baya ta haɗu da Tommy, ɗan wani janar, ta koya masa kiɗa, ta raɗa masa sunan dandamali, Tommy Gnosis. Ya kwashe waƙoƙin da suka yi tare ya zama tauraro, ita kuma tana bin sa gari gari, tana wasa a ƙananan wurare kusa da manyan filayen da yake cikawa.

Mitchell bai ƙago wannan duniya daga iska ba. Mahaifinsa janar ne wanda ya riƙe ɓangaren Amurka na Balin ta Yamma a shekarun 1980, iyalin kuma sun taɓa zama a Kansas, inda wata Bajamushiya da wani soja ya aura ya saki take yi musu reno. Daga ita aka ɗebo kamannin Hedwig.

Me ya sa sai kiɗan rok? A tsohon tsarin wasannin Broadway murya tana da jinsi kamar yadda tufafi suke da shi: budurwar labari da siririyar murya, saurayi da kakkaura, kowa da gurbinsa. Rok ya daɗe da hargitsa wannan rabo. Tun shekarun 1950 Little Richard yake hawa dandamali da hoda da gazal yana ƙwala ihu da muryar da ta fi ta mata da yawa tsini. Tina Turner da Patti Smith suna kurma ruri daga ƙirji. A 1972 Bowie ya fito da Ziggy Stardust, halittar da ba a iya ajiye ta a layin maza ko na mata. Saboda haka kunnen mai sauraren rok ya riga ya saba, ba ya tambayar murya katin shaida. Masu wasan kwaikwayo sun lura da wannan ƙofa da wuri. A watan Yunin 1973, a wani ɗan ɗaki da ke saman gidan wasa na Royal Court a Landan, aka fara The Rocky Horror Show na Richard O'Brien, inda Tim Curry, a matsayin Frank, ya yar da alkyabba ya tsaya cikin kayan ciki na mata, yana magana da lafazin manyan matan Ingila, yana waƙa da ƙarfin ƙato. A 1996 Rent na Jonathan Larson ya kawo Angel, makaɗin bakin titi mai shigar mata, wanda ya fi kowa tausayi a labarin, ƙanjamau kuma ya kashe shi. Kowannensu ya yi abin a zo a gani. Amma Frank na Rocky Horror dodon raha ne, an yi shi domin ya ruɗa mutane, Angel kuwa kusan waliyyi ne wanda abokansa ke ba da labarinsa. Hedwig ce ta karɓe makirufo ta ba da nata labarin da bakinta, da kyansa da muninsa.

Inda aka koyi sana'ar ma abin lura ne. Mitchell gogaggen ɗan wasan Broadway ne, amma bai taɓa shigar mata a dandamali ba kafin 1994. Trask a lokacin shi ke jagorantar makaɗan wani daren rawa da ake kira Squeezebox a kulob ɗin Don Hill's, inda maza masu shigar mata suke rera rok da muryarsu ta gaske tare da makaɗa, maimakon motsa baki a kan faifan wata mawaƙiya kamar yadda aka saba. Da farko Tommy ne aka nufa ya zama jigon labarin, Hedwig 'yar rakiya ce. Amma kulob ɗin na masu shigar mata ne, don haka ita aka fara fitarwa, da waƙoƙin wasu mawaƙa da aka sauya wa baituka kafin Trask ya gama nasa. Shekara huɗu ana tafasa ta a irin waɗannan wurare, gaban mutanen da suka sha suka yi tatul, waɗanda in ka gundure su minti ɗaya za su juya maka baya ko su yi maka ihu. Can ta koyi mayar da baƙar magana nan take, da sanin lokacin da za ta jefa barkwanci, da lokacin da za ta yi shiru. Duk wanda ya gaji wannan matsayi dole ya gaji wannan ma, domin rubutun wasan ya bar gurbi da gangan. Hedwig tana tsokanar wanda ya makara, tana sauka cikin kujeru, tana taɓo labarin da garin ke yi a makon. Har wurin da ake wasan ana saka shi cikin labari. A Jane Street ana zancen Titanic, Tommy kuma yana wasa a filin Giants da ke tsallaken kogi. Da aka kai wasan gidan Belasco a Broadway a 2014, sai aka ce wai an ara mata dandamalin wani wasa ne da ya faɗi warwas a darensa na farko, ga tarkacen motar da suka bari, Tommy kuma yana Times Square.

A bayan dandamali akwai ƙofa. Lokaci lokaci Hedwig kan je ta banka ta, sai haske da sowar dubban mutane su kwararo ciki, a jiyo Tommy yana jawabi ga masoyansa. Tana tsaye, ta ba 'yan kallo rabin baya, tana jira ya ambaci sunanta. Yakan zo gab da faɗa, sai ya karkata ya yabi kansa. A 'yan daƙiƙun nan ɗan wasa ba shi da waƙa, ba shi da magana, sai kafaɗa da wuya. Gwani yakan bar kafaɗar ta ɗan ɗaga da sa rai, ta sauka kaɗan, sannan ya maido ƙofar da ƙarfi ya juyo da murmushin da ya fi na ɗazu faɗi, ya saki wata baƙar magana. Mutane su yi dariya, amma dariyar ba irin ta farko ba ce, domin sun ga abin da aka rufe da ita. Ana maimaita wannan sau da yawa, kowane karo murmushin yana ƙara wuyar ɗaurawa.

Sai maganar murya, wadda ita ce ƙashin bayan aikin. Kuskuren da sabon shiga zai fara yi shi ne ya ce tunda mace zai fito, bari ya matse maƙogwaro. In ya yi haka wasan ya mutu, ya koma kwaikwayon mata, abin dariya na minti biyar. An rubuta waƙoƙin Hedwig daidai muryar namiji, ana kuma rera su a haka. Matancin yana wasu wurare: yadda ake jan ƙarshen kalma, yadda numfashi ke riga sauti fita, yadda yatsu ke riƙe wayar makirufo, yadda ake kallon mutum ta ƙasan gashin ido. A kan wannan kuma a ɗora lafazin Jamusanci a Turancin, a riƙe shi cikin magana, a sassauta shi cikin waƙa ba tare da an ji wurin ɗinki ba.

Ɗan amshin nan mai gemu shi ne Yitzhak, mijin Hedwig, Bayahude daga Zagreb, wanda da can shi ma gwanin shigar mata ne har ya fi ta. Ta yarda ta fitar da shi daga ƙasarsa bisa sharaɗin kada ya ƙara ɗora hular gashi a kansa. Wato abin da Luther ya yi mata, shi ta juya ta yi wa wani. Mace ce ke fitowa a wannan matsayi, Miriam Shor a 1998, Lena Hall a 2014. Wanda ya taɓa ganin yarinya ta zura babbar riga da hula a wasan tashe tana tafiyar maigida ya san daɗin irin wannan kwaikwayo, amma a tashe ana so ka gane yarinyar ka yi dariya. A nan aikin ya fi haka zurfi hawa biyu: mace ce take fitowa a namijin da yake ƙishirwar fitowa a mace. Dole ta iya tsayuwar maza da saukar da muryar magana, har wasu 'yan kallo su kai ƙarshen wasa ba su gane ba, sannan ta bar wannan ƙishirwa ta riƙa leƙowa duk sanda aka ce ya taje wata hular gashin Hedwig, hannunsa ya ɗan daɗe a kanta fiye da kima. Idan suka haɗa murya, ta Yitzhak ce a sama, ta Hedwig a ƙasa, sauti biyu su narke su zama abu guda mai daɗin da ba a cewa komai. Waƙa tana ƙarewa kuma sai hantara ta dawo. In muryar Yitzhak ta haura ta fara jan hankalin zaure, Hedwig ta katse shi. A fim ɗin wasan har zare masa wayar makirufo take yi. Ba a buƙatar wani ya tsaya ya bayyana cewa waɗannan biyu sun dace da juna kuma suna cutar juna. Kunne ya riga ya ji na farko, ido ya ga na biyu.

Na san akwai masu karatu da batun kansa zai yi wa nauyi, waɗanda addini da tarbiyya suka riga suka tsayar musu da matsaya a kan irin wannan rayuwa. Ba na neman kowa ya ajiye matsayarsa kafin ya ci gaba. Abin da na sani shi ne wasan bai zo da wa'azi ba, bai kuma wanke Hedwig ba. Tana da mugun baki, tana da son kai, tana danne na ƙasa da ita. Tambayar da take ɗauke da ita kuwa ba ta mutanen Niyok kaɗai ba ce: mutumin da uwa da miji da hukuma suka yanke wa shawara a kan jikinsa da sunansa, me zai yi da abin da suka bar masa? Ina ganin duk wanda aka taɓa tsara wa rayuwa ba da shawararsa ba zai gane wannan ciwo, ko da bai yarda da komai na Hedwig ba.

Trask ya ɗinka kowace waƙa da irin yadinta. The Origin of Love a hankali take farawa, tana ba da tatsuniyar da Aristophanes ya kawo a littafin Symposium na Aflatun: wai a farkon zamani mutane dunƙulallu ne, masu fuska biyu da hannu huɗu da ƙafa huɗu, iri uku, namiji da namiji, mace da mace, da kuma namiji da mace. Da suka yi girman kai sai Zeus ya tsaga su biyu, tun daga ranar kowa yake yawon neman rabinsa. Hedwig ta riƙe wannan labari hannu bibbiyu, ta ɗauka Luther ne rabin nata, daga baya ta ce Tommy ne. Mai rera ta yana bukatar natsuwar mai ba yara tatsuniya da dare, ya bar labarin ya yi aikinsa. Ba a jima ba sai Angry Inch, wadda ke ba da labarin tiyatar, ta zo da kiɗan punk mai gudu da hargowa, jita tana kuka, ana tofar da kalmomi kamar ana jifa. Babu yadda za a faɗi abin da aka yi wa jikin nan da murya mai laushi a yarda da kai. Daga wannan ihu kuma maƙogwaron da ya gama kartar kansa zai sauko kan Wig in a Box, wadda take farawa da piyano shi kaɗai, mace a gidan tirela da dare, miji ya tafi, babu kuɗi, ta ɗauko hular gashi daga akwati ta ɗora.

A nan ne na fi jinjina wa masu wasan. Hular gashi a hannun wani marubucin abin ɓuya ce, alamar ƙarya. Wannan waƙa ta ɗauke ta a matsayin kayan aiki. Hedwig tana gwada wannan, ta cire, ta gwada waccan, kowace da irin macen da take mayar da ita, har da mai fukafukai irin gashin 'yar fim Farrah Fawcett, wadda ta zama tambarinta. Mike Potter ne ya tsara gashin da kwalliyar tun zamanin kulob har Broadway. Ana sauya hulunan a idon jama'a, cikin kiɗa, kan ka ce kwabo, kuma da kowace sauyawa tsayuwar ɗan wasan takan canza, haɓa ta ɗaga, ƙugu ya saki. Kiɗan yana ƙara gudu, makaɗa suna shigowa da amshi, daga ƙarshe a ce duk zauren ya kama. Ɗaruruwan mutane, masu kwat da masu jamfa, suna rera waƙar wadda ta tashi daga ƙasa ta hanyar shafa jambaki. Wasan ya nuna musu yadda ake ƙera Hedwig ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye komai ba, sanin hakan kuma bai rage mata gaskiya a idonsu ba. Ya ƙara mata.

A rubutun wasan babu wani ɗan wasa daban da zai fito a uwa, ko Luther, ko Tommy. Duk daga bakin Hedwig suke fitowa. Uwar da busasshiyar murya mai sanyi, Luther da kauri da zaƙin yaudara, Tommy da in'inar ɗan shekara goma sha bakwai wanda bai san inda zai sa hannuwansa ba. Wurin da wannan ya fi wuya shi ne daren rabuwarsu a tirela. Tommy ya shigo cikin damuwa, maƙwabciya tana ta rera wata waƙar soyayya, wadda Yitzhak ke rerawa ƙasa ƙasa daga gefen dandamali. Suka matso kusa, karo na farko gaba da gaba. Hannun yaron ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, ya tsaya cak, ya yi tambaya. Ta ba shi amsa gajeriya. Ya kawo uzuri ya fice. Mutum ɗaya ne tsaye cikin haske yake yin duka biyun, sanye da kayan mata, ba ya ko matsawa daga inda yake. Juyin wuya kaɗan, faɗuwar kafaɗa, sai ga Tommy a cikin rigar Hedwig. Numfashi ɗaya kuma, ta dawo. In gwani ne, za ka rantse ka ga mutum biyu, har ka ga tazarar da ta buɗe a tsakaninsu.

Ba don a rage kuɗin 'yan wasa aka yi haka ba. Shiri ne domin abin da ke tafe. Bayan wannan labari Hedwig ta kasa ci gaba. Kiɗa ya rikice a Exquisite Corpse, fitilu suna walƙiya, ta fizge hular gashin, ta yage rigar, ta ciro tumatir biyun da ke cikin rigar mama ta fasa su a ƙirjinta. Duhu. Sai sowar babban filin nan ta cika zauren, haske ya dawo a kan wani saurayi da ɗan gajeren baƙin wando, ƙirji a buɗe, da alamar azurfa a goshi, wadda Hedwig ta taɓa zana wa Tommy. Tommy ne. Ya ɗauki waƙar da ta fara rera masa, Wicked Little Town, ya mayar mata da ita da sababbin baituka na neman gafara, yana gaya mata babu wani rabi da aka ajiye mata a wani wuri, ita ɗin cikakkiya ce.

A duba abin da ake nema daga ɗan wasa a wannan gaɓa. Ya shafe fiye da awa yana tsalle a kan tsini, gumi ya kwaɓe hoda da gazal, murya ta gaji. An ƙwace masa gashi da riga da lafazi da barkwanci, duk abin da ya jingina da shi tun farko. A haka zai tsaya cik ya rera waƙa mafi laushi a daren, da muryar da tun ɗazu ake ji, amma yanzu ido ya yarda ta namiji ce. Sautin bai canza ba, mai kallo ne ya canza, kuma yana sane da hakan. Daga nan aka shiga Midnight Radio, inda ake kiran sunayen mawaƙa mata irin su Aretha Franklin da Tina Turner da Yoko Ono, ba ka kuma iya cewa wane ne ke rerawa, Tommy ko Hedwig ko Hansel. Yitzhak ya tsinci hular gashin ya nufo zai mayar mata, ta ƙi karɓa, ta nuna masa tasa ce. Ya fita, ya dawo cikin cikakkiyar shigar mata, muryar nan da aka yi ta dannewa ta samu fili ta haura iya ƙarfinta. Wanda ya rage a dandamali kuma ya juya ya bi ta ƙofar baya ya fita.

Mitchell ya mayar da wasan fim a 2001, ya ci kyautar darakta da ta zaɓin 'yan kallo a bikin Sundance. Fim ne mai kyau, zanen Emily Hubley na tatsuniyar Aflatun kaɗai ya isa a kalla. Amma a fim Michael Pitt ne Tommy, mutum daban da jikinsa daban, don haka ƙarshen ya zama sulhu tsakanin mutum biyu. A dandamali jiki ɗaya ne, shi ya sa har yau masu kallo ke gardama ko Tommy ya taɓa wanzuwa a wajen Hedwig. A ganina dandamali ya fi, domin a can ba a faɗi amsar da baki ba, fata da gumi ne suka nuna ta.

Wasan bai tsira daga suka ba, har daga cikin gida. Wasu masu sauya jinsi suna ganin labarin tiyatar dole da ta ɓaci yana shafa musu baƙin fenti, wasu kuma suna cewa bai kamata a ba kowa matsayin ba sai irinsu. A ƙarshen 2020 an ɗage wani shiri na nuna wasan a birnin Sidni na Ostareliya saboda wannan taƙaddama. Mitchell ya sha bayyana cewa Hedwig ba wakiliyar masu sauya jinsi ba ce, tunda ba ita ta zaɓi abin da aka yi mata ba, shi da Trask kuma sun tsaya a kan cewa ƙofar matsayin a buɗe take ga kowa. Koken yana da tushe, domin an daɗe ana ba da labarin waɗannan mutane ba tare da su ba. Sai dai tarihin wasan ya nuna yana ƙara arziki ne duk sanda jikin da ke ɗauke da shi ya sauya. Ally Sheedy, mace, ta fito a Hedwig tun a Jane Street. Neil Patrick Harris ya kawo ƙarfin jiki da saurin baki a 2014, shekarar da wasan ya ci lambobin yabo na Tony huɗu, ciki har da nasa da na Lena Hall. Bayansa aka yi Andrew Rannells da Michael C. Hall da Darren Criss da Taye Diggs, baƙar fata na farko da ya riƙe matsayin a Broadway. A rangadin wasan na 2016 Lena Hall ta riƙa fitowa a Yitzhak yawancin kwanaki, wasu ranakun kuma ta ɗora gashin ta zama Hedwig. A Koriya ta Kudu, rabin ƙasar da ita ma aka tsaga biyu, tun 2005 ake ta maimaita wasan da harshensu, manyan taurari irin su Cho Seung-woo suna karɓar matsayin.

A farkon 2015 Mitchell da kansa ya dawo kan matsayin a Belasco, yana da shekara 51. Ba a daɗe ba ya ji ciwo a gwiwa. Bayan ɗan hutu ya koma dandamali da ƙarfen ɗaure gwiwa da sandar dogarawa, ya ƙi ɓoye su, ya saka su cikin wasan. Tsalle ya ragu, zama ya ƙaru, Hedwig ta samu sabon abin yi wa ba'a da sabon dalilin aiken Yitzhak, wanda yanzu har da hidimar gurguwar ƙafa aka ɗora masa. A watan Yunin shekarar aka ba Mitchell lambar Tony ta musamman, wasan kuma ya ci gaba a Belasco har watan Satumba.